Karya Mai Waiwaye

Noel Tolmie ya yi shekara hamsin da ɗaya yana kiwon tumaki a kan duwatsun da ke bayan garin Fairlie, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa kwana babu kare a ƙofarsa ba. Da gwiwarsa ta hagu ta ce ba ta san zancen ba, mai gonar da yake wa kiwo ya yi masa liyafar sallama, aka ba shi agogo, karnukansa shida kuma aka raba wa makiyayan da suka rage, don karen tumaki ba ya zaman gari. Shi da matarsa Coral suka dawo wani ɗan gida kusa da filin ƙwallo. Shekara biyu ya yi a nan yana gyaran shingen da bai lalace ba. Coral ta ce ta taɓa kama shi ta taga yana yi wa motar kwasar shara fito don ta juya hagu. Ya ce sharri ne, amma bai rantse ba.

Coral ɗin ce ta je ta sami Glenys Duthie. Kowa a nan ya san Glenys da karnukanta na farauta, irin na Jamus ɗin nan masu gemu da gashi kamar tsohuwar tsintsiya. Kare ɗaya ne zai nemo maka tsuntsu, ya tsaya cak ya nuna maka inda yake, ya bi sawun wanda ya ji rauni, ya shiga ruwa ya ɗauko agwagwa. Shekara talatin tana riƙe da zuriyar nan, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika. A wannan shekarar tsohuwar karyarta ta yi haihuwar ƙarshe, 'ya'ya biyar, mace ɗaya tak a ciki. Ita kuwa Glenys an sa mata ranar aikin ƙugu a asibiti, za ta yi watanni ba ta taka daji ba.

Ta kawo kwikwiyar a cikin kwali, ta ajiye a kan teburin kicin ɗin Coral.

"Ba maganar kuɗi tsakaninmu," in ji ta. "Sunanta Weka. Akwai gwajin baiwa da ake yi wa ƙananan karnuka, dole ta shiga kafin ta cika wata goma sha shida. In ba ta da takardar cin gwajin nan, ba za a yarda ta haihu ba, zuriyata ta ƙare ke nan. Za a yi gwaji a watan Oktoba mai zuwa, a wata gona kusa da garin Geraldine. In ta ci, taka ce har ta mutu, ni haihuwa ɗaya kawai nake so. In ta faɗi a hannunka, zan ɗauke ta a ranar, in kai ta gwajin ƙarshe da za a yi can tsibirin arewa na ƙasar nan, kuma ba za ta dawo ba. Ka ji ni da kyau?"

"Glenys, kare nawa kike jin na horar a rayuwata? Sun fi ɗari."

"Na sani. Shi ya sa na kawo ta gidanka ba gidan wani ba. Amma kada ka cika mata karatu, Noel. Ka riƙa kai ta daji kawai."

Suka tafa a kan haka. Maganarta ta ƙarshe kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, don shi a ganinsa irin abin da masu kare ke faɗa ne kawai in za su rabu da kwikwiyo.

Mutumin ya farfaɗo, wannan kam ba musu. Ya koma tashi da sassafe, ya bar shinge ya huta. Ya zaro tsohon usur ɗinsa na makiyaya, ɗan fefen ƙarfen nan da ake sawa a baki a bar hannuwa su yi aiki, ya kama yi wa Weka abin da ya yi wa karnuka ɗari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fito ɗaya mai tsawo, ta kwanta. Biyu gajeru, ta yi dama. Mai hawa, ta yi hagu. Tana wata shida ta san ba a kallon tumaki ko da ido, ya kai ta cikin garke ya wuce da ita har sai da ta riƙa kau da kai in ta gan su. Tana wata goma, in ya fito da ita filin ƙwallo mutane tsayawa suke yi a bakin titi suna kallo. Wani ya ce ai wannan saura ta riƙa karɓo masa wasiƙa a gidan waya. Noel ya ce da zai koya mata da ta yi.

Saura mako shida gwaji, Glenys ta zo da sandarta da keji mai fakara uku a bayan mota. Suka tafi wani fili a bakin kogin Opihi. Ta sa Noel ya juya wa filin baya tare da karyar, ta ɗingisa ta ɓoye fakara ɗaya a cikin ciyawa, ta dawo.

"Sake ta. Kada ka ce komai."

Ya sake ta. Weka ta fita da gudu, kyakkyawan gudu, ƙafa ashirin ko talatin, sai ta tsaya ta waiwayo. Noel ya yi fito biyu, ta yi dama.

"Na ce kada ka ce komai."

"Ai ban ce komai ba. Hanya na nuna mata."

"Ka san inda tsuntsun yake?"

"A'a."

"To hanyar ina kake nuna mata?"

Ya cire usur ɗin daga baki. Weka ta ƙara 'yan taku, ta tsaya, ta waiwayo. Ta ƙara, ta waiwayo. Iska na kaɗowa daga inda fakarar take, kai tsaye zuwa hancinta, har ka ga hancin yana motsi, amma idonta na kan Noel. Da ta ga shiru ya yi yawa sai ta dawo ta zauna a gefen ƙafarsa.

Glenys ta dubi karyar. Can ta ce, "Tabɗi. Ka yi aiki, Noel. Ka mayar min da ita karen tumaki."

"Kare mai jin magana dai."

"Tumaki kai kake hango su daga kan tudu kafin kare ya gan su, shi ya sa yake kallonka. Tsuntsu fa? Kana da hancin da za ka jiyo shi? A aikin nan ita ce mai sani, kai ɗan rakiya ne. Alƙalan nan ba abin da ka koya mata za su duba ba, abin da uwarta ta haife ta da shi za su duba. In suka ga tana waiwayenka kamar haka, za su rubuta ba ta da son nema, shi ke nan."

"Yanzu me kike so in yi?"

"Ka yi shiru. Mako shida. Ka kai ta daji ka rufe bakinka."

Coral da ke tsaye jikin mota da butar shayi ta ce, "Wa? Noel? Shekara arba'in da uku nake roƙon wannan ban samu ba."

Ranar bai ci abincin rana ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba don Glenys ta faɗa a gaban matarsa ba, sai don ya ga abin da idonsa. Gani ya kori ji. Kuma a ranar ne ya fara jin tsoro na gaske cewa za a ɗauke masa karyar.

Washegari Coral ta ƙwace usur ɗin ta jefa a aljihun rigarta, ta ce ita ma za ta riƙa bin su. Ashe usur ba shi ne matsalar ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana fito ba ya buƙatar ƙarfe, ta tsakanin haƙoransa yake yi, kuma bai ma san ya yi ba. Sai Coral ta sayo alewar na'a-na'a, manya masu tauri, ta riƙa cusa masa ɗaya a baki da zarar sun sauka daga mota. Bakin ya yi shiru, sai hannu ya ɗauka. In ya ɗaga hannu zai gyara hula, Weka ta yi hagu. In ya yi tari, ta kwanta. In ya karkata kafaɗa don gwiwar ta soke shi, ta juya ta bi inda kafaɗar ta nuna.

"Hannu a aljihu, tsoho."

"Sanyi ma ba a yi."

"Ban tambaye ka ba. Kuma ka daina kallonta. Kalli duwatsu, kalli ni in ka rasa abin kallo."

"Gara duwatsun."

Makon farko ba kyau. Weka ta ɗauka laifi ta yi. Ta manne wa ƙafarsa, jela a ƙasa, tana ɗaga kai tana neman fuskarsa, shi kuwa yana tafiya yana kallon ƙanƙarar kan duwatsu da alewa a kunci. Ya ce wa Coral wannan zalunci ne, dabba ba ta san abin da ta yi ba. Coral ta ce in yana so ya fasa, Glenys na da waya. Bai fasa ba.

A mako na biyu karyar ta fara gajiya da jira. Wata iska ta kawo mata wani abu, ta tafi ƙafa hamsin kafin ta tuna ta waiwayo. Noel na kallon sama. Ta sake tafiya. A mako na uku, can ƙasan kogi inda ƙaya ta yi duhu, suna tafiya sai Coral ta kama hannun rigarsa. Weka na can nesa, ta daskare, ƙafar gaba ɗaya a sama, jela a miƙe, wuya a gaba. Ba wanda ya koya mata wannan. Ta yi kusan minti guda a haka kafin fakaru goma sha wani abu su tashi fir daga gindin ƙayar. Ta bi su da gudu har ta ɓace, ta dawo harshe a waje, ko kallon Noel ba ta yi ba, ta wuce gaba tana nema.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Noel, bayan ya haɗiye alewar. Murna yake yi, amma Coral ta ce a mota ya ce mata, "Kin ga ko kallona ba ta yi ba," kuma ba da muryar murna ya faɗa ba.

Sauran abubuwan ba su ba da wahala ba. Ruwa dama tana so, ko ba a jefa komai ba tana faɗawa. Ƙarar bindiga ba ta dame ta ba. Bin sawu suka yi sau huɗu kamar yadda Glenys ta kwatanta ta waya: a cire wa tsuntsu gashin fiffike ɗaya don kada ya tashi, a zuba 'yan gashin ƙirjinsa a ƙasa, a sake shi ya gudu cikin ciyawa, sannan a kawo kare a nuna masa gashin a sake shi. Mai kare kuma ya tsaya a inda yake kamar turke. Sau uku ta kai ga tsuntsun. Sau ɗaya Noel ya yi atishawa ta dawo.

Ranar gwaji ta zo da rana mai kyau da iska kaɗan. Karnuka takwas, motoci a jere jikin rumfar askin tumaki, mata biyu na sayar da shayi da burodi mai nama. Lokacin haihuwar tumaki ne, duk filayen da ke kewaye cike suke da iyaye da 'ya'yansu, mai gonar ya kwashe garke daga filaye uku kawai ya bar wa masu gwaji. Alƙalai uku ne, babbansu Rewi Pohio, wanda suka yi zamanin gasar karnukan tumaki tare da Noel tun suna da gashi a ka.

"A'a! Wa nake gani? Noel Tolmie da kare mai gemu? Mutumina, duniya ta zo ƙarshe."

"Kai ma aka ba ka alƙalanci, me ya rage?"

"Ina usur ɗin?"

"Yana hannun hukuma," in ji Noel, ya nuna Coral da haɓa.

"Madalla da hukuma. Ka ji dai, a nan ba a tuƙa kare. Ka sake ta, ka bi ta, ka bar mu mu gani."

Suka shiga fili na farko, minti ashirin. Noel ya sa hannu a aljihu, alewa a baki. Weka ta share filin daga wannan gefe zuwa wancan tana yanka iska. Aka harba bindiga sau biyu, ta ɗaga kai ta ci gaba. Ta nuna fakara ta farko daga nesa, ta nuna ta biyu a gindin shinge. Sau biyu kacal ta waiwayo, kuma Rewi ya ce wannan ba laifi ba ne, kare ya san inda mai shi yake. A tafki ta shiga sau biyu, ta fito ta kakkaɓe ruwan a jikin alƙali na uku. Glenys na zaune a kujerar da ta zo da ita, sanda a kan cinya, ta karɓi shayin da Coral ta miƙa mata har ta ce a ƙara sukari.

Bin sawu aka bari ƙarshe, bayan azahar. Weka ce ta shida. Aka sa Noel ya ɓuya da ita bayan mota har aka saki tsuntsun, sannan aka kira shi. Filin gajeriyar ciyawa ne, yana gangarawa zuwa wani shingen waya can ƙasa, kimanin ƙafa ɗari biyu. Bayan shingen garke ne, iyaye da 'ya'ya 'yan kwana uku zuwa huɗu.

"Ga gashin nan," in ji Rewi. "Nuna mata, ka cire igiya, ka tsaya. Daga nan kai gunki ne."

Noel ya durƙusa da ƙyar, ya taɓa ƙasa kusa da gashin. Weka ta sa hanci, jikinta ya ɗauki rawa. Ya zare igiyar. Ta tafi a hankali, hanci a ƙasa, ta yi ƙafa talatin, ta kauce dama, ta rasa, ta zagayo da kanta ta sake kamawa. Ba ta waiwayo ba. Alƙalan uku na rubutu. Ta gangara, tana ƙara sauri, sawun na ƙara zafi. Alewar ta narke a bakin Noel, bai kuma iya sa hannu ya ɗauko wata ba don kada ta ga motsi.

Sai ta ɗaga kai ta zuba da gudu, kai tsaye zuwa shingen. A daidai wurin wayar ƙasa ta saki, akwai rata da kare zai iya kutsawa. 'Yan raguna uku na kwance a bayan ratar. Wata tunkiya ta buga ƙafa ta yi kuka, garken ya fara motsi.

A ƙasar nan, kare in ya shiga cikin tumaki masu jego, mai gona na da ikon ya bindige shi, ba a kuma zuwa kotu. Noel da hannunsa ya harbe karnuka huɗu a kan haka, ɗaya ma nasa ne. Bai yi tunanin ko ɗaya daga cikin wannan ba a lokacin. Ya ga kare a guje, ya ga 'yan raguna, fiton ya fita ta tsakanin haƙoransa, dogo guda ɗaya, irin wanda ake ji daga wannan dutse zuwa wancan.

Weka ta zube a ƙasa kamar an yanke mata ƙafafu. Ta juyo da kai tana kallonsa.

Rewi ya rufe littafinsa ya gangara a hankali har bakin shingen. Ya sunkuya, ya sa hannu a cikin doguwar ciyawar da ke gindin turke, ya ɗago fakarar. Tsakaninta da hancin Weka bai fi taku huɗu ba. Ya hauro da ita a hammata.

"Tsuntsun take bi, Noel."

"Na gani."

"Ko kallon tumakin ba ta yi ba."

"Na sani. Ni na hana ta kallonsu tun tana wata shida."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya san karyarsa, ya san ba za ta taɓa ɗan rago ba ko an ɗaura mata shi a wuya. Bakinsa ne ya riga hankalinsa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ranar Noel bai yi musu da su ba.

Alƙalan suka haɗa kai suka yi shawara. Rewi ya dawo ya ce abin da suka gani bai ishe su yanke hukunci ba, tunda ba ita ta bar sawun ba, an tsayar da ita ne. Doka ta ba su dama su sake ba ta wani tsuntsun. Za su kai ta ɗaya filin, inda babu tunkiya ko ɗaya.

"Ka taimaki kanka, mutumina," ya ce a hankali. "Na ga abin da ke cikin karyar nan. Amma abin da ta yi a gabana kaɗai zan rubuta."

Coral ta zo ta cusa masa alewa biyu a lokaci guda. Ba ta yi masa tsiya ba, wannan ma ya ƙara tsorata shi.

Aka saki tsuntsu na biyu. Ya nuna mata gashin, ya zare igiya, ya miƙe ya sa hannu a aljihu, ya kafa ido a kan duwatsu. Weka ta sa hanci ta tafi. Ƙafa goma sha biyar, ta tsaya ta waiwayo. Ɗazu tana kan sawu aka tsawata mata, yanzu tana so ta ji ko an yarda. Bai kalle ta ba. Ta ƙara taku biyar, hancin na jan ta gaba, ta sake tsayawa. Noel na jin idonta a jikinsa. Fito ɗaya zai tura ta, ya san wanda zai yi, yana nan a kan harshensa a ƙarƙashin alewar, kuma ya san in ya yi an gama. Ya yi shiru. Ta jira, ta jira, sannan ta juyo a hankali, jela a ƙasa, ta zo ta zauna a gefen ƙafarsa ta hagu.

Rewi ya ba ta minti biyu cur. Ba ta tashi ba.

Da la'asar aka tara mutane a rumfar aski aka karanta sakamako. Weka ta sami maki cikakke a hanci, da nuni, da ruwa. A bin sawu ta sami ɗaya cikin huɗu. Ba ta ci ba. Mutane suka yi ɗan tafin da ake yi wa wanda ya faɗi, aka wuce kan kare na bakwai.

Glenys ta riga ta juyo da motarta, ta buɗe akwatin kare da ke baya. Noel ya zo da Weka a igiya, Coral na biye.

"Haba Glenys," in ji Coral. "Kin ga dai abin da ya faru. Mako shida mutumin nan bai yi magana a daji ba. Ki kai ta arewa ta ci, ki dawo masa da ita mana."

"In dawo da ita ta yi me, Coral? Ta zauna a gefen ƙafarsa? Mako biyar gare ni in cire mata wannan waiwayen, ban ma san ko zai fita ba. In ya fita na dawo da ita, kwana uku ya isa ya koma." Ta juya wajen Noel. "Ba don na ƙi ka ba ne. Ban taɓa ganin kare mai son mutum kamar yadda take son ka ba. Shi ne ma ciwon."

"Bar shi, Coral," in ji Noel. "Magana an yi ta, an tafa." Ya miƙa wa Glenys igiyar. "Ba ta cin abinci in ana kallonta. Kuma kunnenta na dama yana tara ruwa, ki riƙa share mata."

"Zan kula."

Glenys ta ja igiyar zuwa bayan motar, ta buga hannu a bakin akwatin. "Shiga, Weka. Zo, 'yar gari, shiga." Weka ta zauna a ƙasa. Glenys ta ja, karyar ta kafe ƙafafu. Ta ciro ɗan busasshen nama daga aljihu ta jefa cikin akwatin, Weka ko sansanawa ba ta yi ba. Nauyinta ya fi ƙarfin mace mai sanda, ba kuma wanda ya matso ya taimaka. Tana zaune a kan tsakuwa, ta juya wa motar baya, idonta a kan Noel.

"Noel," in ji Glenys. "Sai kai."

Ya tsaya da hannuwansa a aljihu. Coral ta juya ta tafi wajen motarsu. Ya gyara murya sau ɗaya, kunnuwan karyar suka miƙe.

"Hau," ya ce.

Ta yi tsalle ɗaya ta shige, ta juyo ta kwanta tana jiran abin da zai ce na gaba. Glenys ta rufe ƙofar.